Aikin da Iyayenmu Mata Suka Ɗauka a Ka

 Da kwamiti suka ce in rubuta wani abu na tarihi, sai na je na buɗe akwatin marigayiya mahaifiyata. Can ƙarƙashin zannuwa na tarar da wani littafin rubutu mai jan bango, gara ta ci gefensa. A ciki an jera sunayen mata, da hannun wadda ba ta koyi riƙe fensir ba sai bayan ta haifi 'ya'ya huɗu. Gaban kowane suna akwai abin da mai shi ta kawo: mudun dawa, taro, sisi, damin itace, sabulu guda. Littafin ma'ajin Zumuntar Mata ne na cocin ƙauyenmu. Na san a cikinmu akwai masu zuwa coci, akwai masu zuwa masallaci, amma da wuya a samu wadda ba ta taɓa ganin matan zumunta sun wuce cikin anko ba, ko wadda ba su taɓa shigo mata gaisuwar haihuwa ko ta rasuwa ba. Tarihinsu nake so mu ɗan waiwaya.

In kin ɗauki littattafan tarihin ikilisiya a Arewa, da sunayen maza za ki fara cin karo, kuma Turawa. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da niyyar kawo bishara cikin ƙasa: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Shekara ba ta zagayo da kyau ba biyu suka mutu, Kent a Bida, Gowans a Girku. Bingham ne ya tsira, ƙungiyarsu ta SIM kuwa ba ta kafa tasha ba sai a 1902, a Pategi. A 1904 Karl Kumm da mutanensa na SUM suka isa Wase. A 1913 wani likita daga ƙasar Denmark ya fara aiki a Numan. A 1923 Stover Kulp da Albert Helser suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida. Mace ɗaya da sunanta ya zauna a bakin mutane ita ce Johanna Veenstra, 'yar Amurka, wadda ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum, ta rasu a Vom a 1933. Waɗannan duk sun sha wuya, ba mai musu. Amma fa Baturen mishan guda nawa ne, ƙauyuka kuma nawa? Ba shi ne ya shiga ɗakin mai jego ba. Ba shi ne ya zauna da amarya a bakin murhu ba.

Gwamnatin Turawan mulki ta taƙaita wa 'yan mishan shiga ƙasashen sarakuna, saboda haka yawancin aikin ya karkata zuwa duwatsun Filato, kudancin Zariya, ƙasar Tangale da Adamawa. Can kuwa kowane kwari da harshensa: Birom, Angas, Irigwe, Bajju, Bura, Margi, Bachama, ba su ƙirguwa. Da me za a haɗa su? Da Hausa, harshen kasuwa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Likita Miller na Zariya ya daɗe yana fama da shi tare da wasu. Daga nan Hausa ta zama harshen sujada, shi ya sa har gobe za ki ji tsohuwa 'yar Irigwe da tsohuwa 'yar Margi, ba mai jin yaren wata, amma da an ɗaga lamba a Littafin Waƙoƙi sai baki ya zo ɗaya. Sunan ƙungiyar ma da Hausa aka raɗa shi, ba da Turanci ba.

Labarin da matan ECWA ke bayarwa game da mafarin zumunta ya kai mu Miyango, ƙasar Irigwe, a 1930, tun cocin na hannun SIM. Wata mata ce naƙuda ta zo mata da gardama, ta kusa rasa ranta, ga asibiti da nisa, ga babu abin hawa. Da Allah ya kuɓutar da ita, matan coci suka ce ba za su zauna su jira ta biyu ba. Suka haɗa ɗan abin da ke ƙullin zanensu aka sayi keke. Ni dai abin da ke burge ni a wannan labari shi ne, ba da wa'azi aka fara ba, ba kuma da tsarin mulki a rubuce ba. Da karo-karo aka fara. Mu da muka san daɗin adashi da ɗacinsa mun san ba ƙaramin abu ba ne a sa matan da ke ƙirga kwabo su yarda su zuba shi wuri ɗaya, a hannun mutum ɗaya.

Daga baya abin ya bazu. ECWA ta tsaya da ƙafafunta a 1954, cocin da suka fito daga SUM da na Garkida suka haɗa tarayyarsu a 1955, wadda muka sani yanzu da TEKAN, kuma ko'ina ka je akwai reshen mata: a COCIN, a EYN, a cocin Lutheran na Numan, a Angilikan, har da Katolika. Ƙetaren iyaka ma, wajen Maradi da Tsibiri da Galmi a Nijar, sunan nan dai ake kira.

To me suke yi in sun taru? A ƙauyenmu ranar Alhamis ce, bayan an dawo daga gona. Kowace ta zo da ɗan kujerarta a ka, goyo a baya. A yi waƙa, a yi addu'a, sannan wadda ta iya karatu ta karanta aya, sauran su maimaita har ta zauna. Sau da yawa matar mai bishara ce malamar, domin a makarantun Baibul irin na Kagoro da Gindiri, in an ɗauki miji karatu, akan buɗe wa matarsa aji ita ma: karatu, rubutu, ɗinki, kiwon yara da tsabta. Mahaifiyata a hannun irin wannan matar ta koyi a, ba, ca, da gawayi a jikin bango. Burinta ɗaya ne tak, ta iya buɗe Zabura da kanta ba sai ta jira wani ba. Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta kawo yaƙi da jahilci a shekarun 1950, a wurare da dama ta tarar matan coci sun riga sun fara nasu.

Wannan shi ne almajirancin, in za mu kira shi da sunansa na coci. Wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, sura ta biyu, ta ɗora wa tsofaffin mata nauyin koya wa ƙananan mata zaman gida da zaman duniya, kuma iyayenmu sun ɗauki abin da gaske, wani lokaci ma har ya yi yawa. In yarinya ta yi aure, ba a cika wata biyu ba sai an zo an ɗauke ta zuwa zumunta, a haɗa ta da wata uwa da za ta riƙa leƙa ta. In an ji hayaniya a gidanta da dare, da safe za ta ga Mama a ƙofa, wai ta zo aron rariya. In ta yi fashin taro sau uku, za a aiko mata biyu. Wasu za su ce sa ido ne, kuma gaskiya akwai sa ido a ciki. Amma matan da suka karɓi bangaskiya su kaɗai a gidan da ba mai bi, ko waɗanda dangi suka juya musu baya saboda sun ƙi a yi wa jariri tsafin gargajiya, ba su da wasu dangi sai waɗannan masu aron rariyar.

Wajen bishara kuwa, tulu ne makaminsu. Waƙoƙin da Turawa suka juyo daga nasu suna da daɗi, amma ba sa motsa ƙafa. Matan zumunta suka ɗauko tulun ƙasa suna buga bakinsa, suka haɗa da caki da tafi, ɗaya ta bayar sauran su amsa, kamar dai yadda ake yi a wajen niƙa da daka. Cikin irin waɗannan waƙoƙi suka zuba labarin ɗa mubazzari, da na budurwai goma, da gargaɗi ga mijin da ya mai da gidan burkutu ɗakinsa. Wadda ba ta iya karatu ba ta haddace rabin Linjila a haka. Da rani, in aikin gona ya yi sauƙi, sukan ɗaura guzuri su taka zuwa ƙauyen da ba coci, su kwana biyu ko uku. Su taya matan gari ɗiban ruwa da sussuka, da yamma a yi waƙa a dandali. Da aka ƙaddamar da shirin Sabon Rai Don Kowa daga Jos a farkon shekarun 1960, mai koya wa kowane mai bi ya zama mai shaida, mata ba su ga baƙon abu ba. Masu bishara na EMS da ake aikawa nesa, da yawansu hatsin zumunta suka ci kafin gonarsu ta nuna.

Sai taimako, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin littafin nan mai jan bango. 'Yan mishan sun gina asibitoci: Vom, Garkida, asibitin ido na Kano, Jankwano a Jos, Galmi a Nijar, suka kuma riƙa kula da mazaunan kutare irin su Yadakunya, Babbar Ruga da Amanawa. Amma asibiti magani yake bayarwa. Wa zai dafa wa mai jinya kunu? Wa zai riƙe yaran da ta baro a gida? Wa zai nome wa gwauruwa gonarta kafin ciyawa ta cinye? A shafi ɗaya na ga an rubuta: mudu shida, gidan wance, mijinta ya rasu. A wani: sule biyu, kuɗin mota zuwa asibiti. A wani kuma, sabulu da zane, an kai gidan maƙwabciya wadda ko cocin ba ta zuwa. Sun riƙe labarin Dokas ta cikin Ayyukan Manzanni, sura ta tara, matar da gwauraye suka tsaya suna kuka suna nuna rigunan da ta ɗinka musu. Kuma kowane wata sai ma'aji ta tsaya gaban kowa ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kwabo. Mahaifiyata ta taɓa kwana ba barci saboda taro ɗaya da ya ƙi fitowa a lissafi. Da asuba ta same shi ya maƙale a bakin gwangwanin.

Ba zan rufe ido in ce komai zuma ne ba. Mata ne suka fi cika kujerun coci, su ne masu shara, su ne masu girkin taro, amma a yawancin ɗarikokinmu har yau ba a naɗa mace fasto, kuma ba kullum ake tambayarsu ba in za a taɓa kuɗin da suka tara. Na ga inda aka kwashe asusun zumunta aka sa a rufin coci, aka gaya musu daga baya. Mu ma kanmu muna da laifi. Ankon da aka fito da shi don kada a gane mai kuɗi da talaka, yanzu ya zama sabo kowace shekara, har gwauruwar da aka kafa ƙungiyar dominta tana jin kunyar zuwa taro don ba ta biya ba. Wannan kam, Mama shugaba, a duba.

Duk da haka, ranar da wuta ta tashi an ga amfanin tsohon horo. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yan mata 276 a makarantar Chibok, akasarinsu 'ya'yan EYN ne. Kafin shekarar ta ƙare, hedikwatar cocin a Kwarhi ita ma ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, jama'a suka watsu zuwa Yola, Jos, Abuja da Kamaru. A sansanonin gudun hijira, matan da suka tsere da zane ɗaya suka sake haɗa zumunta a gindin itace, suka zaɓi shugaba da ma'aji, suka fara rubuta sunayen gwauraye da marayu. Haka aka yi a Filato da kudancin Kaduna bayan kowane rikici. Ba wanda ya aiko musu da takardar umarni.

Abin da ke damuna yanzu shi ne littattafan. Na tambaya a cocinmu ko akwai na shekarun baya, aka ce wasu sun ƙone a rikici, wasu ruwa ya ci, wasu kuma an naɗe ƙosai da su. Tsofaffin da suka taka waɗancan ƙauyuka da ƙafa saura 'yan kaɗan, jikokinsu kuma da yawa ba sa iya karanta Hausa. Don Allah, wadda ke da irin wannan littafi a gida ta fito da shi, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Wadda kakarta ke da rai ta zauna da ita, ta tambaye ta wa ya koya mata karatu, wace ce shugabarsu ta farko, wane ƙauye suka fara zuwa.

Na mahaifiyata ya tsaya ne a 1972, shekara ɗaya kafin a canza kuɗi zuwa naira da kobo. A shafin ƙarshe ta rubuta abin da ya rage a gwangwani, fam ɗaya da sule huɗu, ta miƙa wa wadda ta gaje ta. Ƙarƙashinsa mata uku suka sa hannu a matsayin shaidu. Ɗaya ta rubuta sunanta, biyu suka dangwala yatsa.