Tuƙi, Girki Da Turancin Baƙi: Tarihin Darussa Uku A Makarantun Amurka

Duk malamin da ya daɗe yana riƙe alli ya san wannan tambaya: "Malam, wannan zai fito a jarrabawa?" In ka ce a'a, nan take za ka ga an ajiye biro, an koma kallon taga. Tambayar nan ce ta sa na waiwayi tarihin wasu darussa uku a makarantun sakandaren Amurka, wato koyon tuƙin mota, da ilmin kula da gida, da koyar da Turanci ga baƙin da suka yi ƙaura zuwa can. Babu ɗayansu da aka shigar domin jarrabawa. Lalura ce ta kawo su.

Kafin shekarar 1900 sakandare a Amurka ta 'yan ƙalilan ce. A 1893 wani kwamiti na mutum goma, ƙarƙashin Charles Eliot shugaban Jami'ar Harvard, ya ba da shawarar a tsaya kan harsuna da lissafi da kimiyya da tarihi. To amma sai ƙasar ta sake kama. Masana'antu suka bunƙasa, mutanen ƙauye suka kwararo birni, jiragen ruwa kuma suna ta sauke baƙi daga Turai. A 1910 wajen kashi 9 cikin ɗari na matasa ne ke kammala sakandare, amma kafin 1940 sun kai kusan rabi. Da aji ya cika da 'ya'yan leburori da manoma, sai aka shiga tambayar me ya kamata a koya musu. A 1918 aka fitar da wani rahoto mai manufofi bakwai na ilmin sakandare, cikinsu har da lafiyar jiki, da zaman gida nagari, da sana'a, da zama ɗan ƙasa. Ta wannan ƙofa darussan nan suka sami gindin zama.

Mu fara da ilmin kula da gida. Da yawa za su zaci wata gwanar girki ce ta ƙirƙiro shi, alhali kuwa masaniyar kimiyyar sinadarai ce, Ellen Richards, mace ta farko da aka ɗauka karatu a babbar cibiyar fasaha ta MIT, inda ta kammala a 1873. Ta yi shekaru tana gwada ruwan sha na Jihar Masacusets. A ganinta, mafi yawan cututtukan da ke kashe yara a birane daga gida suke farowa: gurɓataccen ruwa, da madarar da ta lalace, da ɗaki marar iska. Saboda haka uwargida na bukatar kimiyya kamar yadda injiniya ke bukata. Daga 1899 ita da abokan ra'ayinta suka riƙa taro shekara-shekara a garin Lake Placid, har suka kafa ƙungiya ta ƙasa a 1909. A 1917 aka yi Dokar Smith-Hughes, wadda ta sa gwamnatin tarayya ta fara ba da kuɗi domin koyar da noma da sana'o'i da kula da gida. Sai ga murhu da keken ɗinki da ma'auni a cikin aji.

Amma fa darasin ya zo da nasa cikas. 'Yan mata aka tura wa shi, maza kuwa aka kai su ɗakin aikin katako da ƙarfe, tamkar an riga an yanke wa kowa makomarsa. Haka aka yi ta tafiya har 1972, lokacin da doka ta hana nuna bambancin jinsi a makarantun da ke karɓar kuɗin tarayya. A 1994 ma ƙungiyar ta canza sunan fannin zuwa ilmin iyali da na mai saye, don tsohon sunan ya riga ya zama abin raini.

Na biyu shi ne Turancin baƙi, kuma nan ne ya fi shafarmu mu masu rubutu da harshen uwa. Tsakanin 1892 da 1954 mutum wajen miliyan 12 suka shiga Amurka ta tsibirin Ellis da ke bakin birnin Niyok: Italiyawa, da Yahudawan Rasha, da mutanen Folan, da sauransu. Aka buɗe musu azuzuwan dare a makarantu da masana'antu. Kamfanin Ford ya buɗe tasa makarantar a 1914, kuma bikin yaye ɗalibanta abin a tsaya a duba ne. Akan kafa wata ƙatuwar tukunya a kan dandamali, ɗalibai su shiga cikinta sanye da tufafin ƙasashensu, malamai na juya ta da dogayen ludaya, sa'an nan su fito cikin kwat suna kaɗa tutar Amurka. Ma'anar a fili take: ga Turanci, amma ka tuɓe naka ka bar shi a tukunya.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya ƙara tsanani. A 1919 Jihar Nebraska ta haramta koyar da ƙananan yara da kowane baƙon harshe. Shekara guda bayan haka aka sami wani malami, Robert Meyer, yana karanta wa yaro ɗan shekara goma wani labari na Littafi Mai Tsarki da Jamusanci. Aka ci shi tarar dala 25. Malamin nan ya ƙi haƙura, ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli, wadda ta soke hukuncin a 1923. Bayan shekara 51 kotun ta sake duba lamarin ta wata fuska. A birnin San Faransisko yara 'yan asalin Sin wajen 1,800 suna zaune a aji ba su jin abin da malami ke faɗa, ba kuma wani taimako. A shari'ar Lau ta 1974 kotu ta nuna cewa ba yaro littafi ɗaya da malami ɗaya da na sauran ba adalci ba ne, muddin bai san harshen da ake karantarwa da shi ba. Duk da haka gardama ba ta mutu ba. A 1998 masu zaɓe a Kalifoniya suka taƙaita koyarwa da harsuna biyu, a 2016 kuma suka warware abin da suka ƙulla.

Na uku, tuƙi, shi ne autansu. Tun da motar Ford mai araha ta fito a 1908 tituna suka cika, har ya zamana a shekarun 1930 haɗarin mota na cin rai fiye da 30,000 a mafi yawan shekarun. Wani malamin jami'a, Amos Neyhart, ya ga cewa mutane na koyon sitiyari a hannun iyaye da abokai, suna gadon kurakuransu. A tsakiyar shekarun 1930 ya fara koyar da tuƙi a wata sakandare a garin State College na Jihar Fensilbaniya, da motarsa ta kansa. Abin ya bazu, kamfanonin inshora suka riƙa yi wa wanda ya yi darasin rangwame, kuma a shekarun 1970 mafi yawan ɗalibai a makaranta suke koyon mota.

Sai dai an gwada abin a ƙaramar hukumar DeKalb ta Jihar Jojiya a ƙarshen shekarun 1970, da ɗalibai wajen 16,000. Aka tarar bambancin haɗari tsakanin wanda ya yi darasin da wanda bai yi ba kaɗan ne, kuma bai daɗewa. Wani binciken ma ya nuna darasin na sa yara su karɓi lasisi da wuri, su hau titi hankali bai gama zama ba. Kuɗin gwamnati ya ja baya, makarantu da dama suka bar wa masu zaman kansu. Daga shekarun 1990 jihohi suka koma ba matasa lasisi mataki-mataki, ana hana su tuƙin dare da ɗaukar abokai sai sun goge. Ashe iya hannu daban, natsuwa daban.

In mai karatu ya lura, ƙaddarar darussan nan iri ɗaya ce. Duk lokacin da ƙasar ta tsorata cewa an wuce ta a ilmi, su ake fara matsewa a jadawali. Haka aka yi bayan Rasha ta harba tauraron Sputnik a 1957, haka bayan wani rahoton gwamnati na 1983 da ya ce ilmin ƙasar na cikin haɗari, haka kuma bayan dokar 2002 da ta ɗora darajar makaranta a kan makin karatu da lissafi. Turancin baƙi ne kaɗai bai girgiza sosai ba, don shi kotu ce ta tsaya masa.

Mu ma guguwar ta taɓa mu. A 1963 aka buɗe sakandaren Aiyetoro a Yammacin Nijeriya da taimakon Amurka, mai haɗa boko da aikin hannu, kuma tsarin 6-3-3-4 da aka soma a 1982 wannan tafarki ya bi. Ina ƙaramar sakandare na ga injinan koyon sana'a a makarantarmu cikin akwatunansu, ba wuta, ba malamin da ya san kansu. Muka haddace sunayen kayan aikin da ba mu taɓa riƙewa ba, muka kuma ci jarrabawa.

Shi ya sa yanzu in ɗalibi ya yi mini waccan tambaya, nakan ce masa ba zai fito ba, amma ya ɗauki biro. 'Yan'uwa marubuta, muna da littattafan soyayya da na jarumtaka jibgi guda. Nawa ne a cikinmu suka zauna suka rubuta wa amarya yadda za ta tsare ruwan shan jaririnta, ko suka rubuta wa yaron mota ƙa'idojin hanya, da Hausar da zai karanta ya gane? Ɗalibaina na nan suna jira, kuma na san za su karanta.