Masana'antun haɗa motoci na Kano da Kaduna: tashinsu da durƙushewarsu

A cikin wannan ɗan nazari za mu waiwayi tarihin masana'antu biyu na arewacin Najeriya waɗanda sawunsu ya iso har tashoshin motar Maraɗi da Yamai, wato Peugeot ta Kaduna da National Trucks Manufacturers ta Kano. Tun farko ya kamata mu tsaya a kan kalma guda. Jama'a kan ce waɗannan kamfanoni suna «ƙera» mota. A ganinmu «haɗawa» ce kalmar da ta dace, kuma a cikin bambancin kalmomin nan biyu ne dalilin durƙushewar yake.

An kafa kamfanin Peugeot na Najeriya a 1972, ya fara aiki a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1975, lokacin da kuɗin man fetur ke malala. Inji da yawancin manyan sassan mota daga Faransa suke zuwa cikin akwatuna. Shekaru da dama ma ta jirgin sama ake ɗauko su daga Liyon zuwa Kano, sannan manyan motoci su kai su Kaduna. Ma'aikata dubbai suka koyi walda da fenti da ɗaure inji a mazauninsa, amma ba a koya musu zuba tukunyar injin ba, don ba a nan ake yin ta ba. Haka abin yake a Kano, inda ake haɗa manyan motocin Fiat na Italiya.

Duk da haka 404 da 504 sun shiga rayuwar Bahaushe har sunan ya zama «Fijo», ta ɗaukar kaya kuwa aka laƙaba mata «a-kori-kura».

Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin waje suka yi wuya. Tsarin gyaran tattalin arziki na Janar Babangida a 1986 ya karya darajar naira, sai akwatin inji ya gagari kamfani, sabuwar mota kuma ta gagari ma'aikacin gwamnati. Masana'antar Kano ta tsaya cik na tsawon shekaru. Ta Kaduna ta ci gaba da jan jiki tana sallamar ma'aikata kashi-kashi, ta haɗa 504 har wajen 2006, shekarar da gwamnati ta sayar da hannun jarinta. A 2012 hukumar AMCON ta karɓe ta saboda bashi. Wanda aka sallama yakan koma kanikanci a bakin titi, inda sanin Fijo ciki da bai yake da ɗan amfani, ko ya rungumi acaɓa.

Nan ne Nijar ta shigo cikin labarin. Giɓin da aka bari, tsofaffin motocin Turai da injunansu ne suka cike shi. Daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suke hawowa, su shigo ta Gaya, su bi ta Ƙwanni ko Maraɗi su tsallaka iyaka. Duwan ta samu, direbobi da dillalai sun samu. Harshe ma ya samu: «ƴar Kwatano» ta zama sunan motar da aka riga aka hau, ko da ba ta taɓa ganin Benin ba. Daga 1 ga Janairu 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, sai wannan ciniki shi ma ya ja baya.