Kanti Ba Sito: Yadda Dillancin Intanet Ya Tashi, Ya Bunƙasa, Ya Daki Bango

A shekarar 1999, wani matashi mai suna Nick Swinmurn ya riƙa zagaya shagunan takalma a yankin San Francisco na Amurka, kyamara a hannu. Ya nemi izinin mai shago, ya ɗauki hoton takalman da ke kan kanta, ya koma gida ya ɗora a shafinsa na intanet. In wani ya yi oda, sai ya dawo shagon ya sayi takalmin a farashin da kowa ke saye, ya kai gidan waya. Riba babu. So yake kawai ya gane ko mutum zai yarda ya biya kuɗin takalmin da bai sa ƙafarsa ciki ba. Mutane suka yarda, daga nan aka haifi Zappos.

Dabarar kuwa ta girmi intanet nesa ba kusa ba. Tun 1872 Aaron Montgomery Ward ya fara aika wa manoman karkara takardar jerin kaya daga Chicago, su zaɓa, su aiko kuɗi. Richard Sears, ma'aikacin tashar jirgin ƙasa a Minnesota, ya bi sahu bayan da ya sayi wasu agoguna da wani mai shago ya ƙi karɓa a 1886, ya sayar wa abokan aikinsa na wasu tashoshi. Da kasuwancin ya faɗaɗa, kaya masu nauyi irin su murhun ƙarfe ba sa biyowa ta siton kamfani. Daga masana'anta ake loda su a jirgi kai tsaye zuwa garin mai saye. Kamfani ya karɓi kuɗi ya riƙe suna, wani can ya riƙe kaya ya aika. Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar har yau.

Abin da intanet ta yi shi ne ta sauke kuɗin shiga. Ba sai ka buga littafin talla mai shafi ɗaruruwa ba. A 1994 wasu tagwaye, Jason da Matthew Olim, suka buɗe CDnow a ɗakin ƙasa na gidan iyayensu a Pennsylvania, suna sayar da faifan waƙa, wani babban mai sari ne ke naɗewa yana aikawa da sunansu.

Amma in ana maganar kama ƙaramin fanni a riƙe shi gam, labarin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na Niraj Shah da Steve Conine a Boston. A 2002, lokacin da kowa ke gudun kasuwancin intanet saboda kamfanoni da yawa sun durƙushe, su biyun suka buɗe shafi mai sayar da kayan fanni ɗaya tak: teburin ɗora talabijin da maɗorin lasifika. Tunaninsu mai sauƙi ne. Shagon kayan ɗaki a gari zai iya jera irin teburin nan kala biyar ko shida, domin wuri kuɗi ne. Wanda ba ya ajiye komai kuwa zai iya nuna ɗaruruwa. Mai neman wani tebur na musamman ya rubuta a Google, ya faɗo kansu, ya tarar da mutanen da in ya buga waya za su gaya masa faɗin katakon da nauyin da zai ɗauka. Da wannan ya karɓu sai suka buɗe wani shafin na kujerun zama dogaye, wani na fitilu, wani na jakunkunan tafiya, har suka haura shafi 200 a ƙarƙashin CSN Stores. A 2011 suka haɗe su da suna ɗaya, Wayfair. Ni a ganina wannan ne zamanin da sana'ar ta fi tsafta, domin ɗan tsakiya yana da abin da yake ƙarawa: ya san kayan, ya san masu ƙera su da sunansu, ya san wanda zai kira in tebur ya iso da karyayyar ƙafa.

Zappos kuwa ta gano ramin da ke ciki tun da wuri. Kamfanonin takalma su ce suna da kaya, a karɓi kuɗin mai saye, sai a tarar takalmin ya ƙare ko an aika wani daban, kuma zagin a kan Zappos yake sauka. A 2003 shugabanta Tony Hsieh ya yanke shawarar daina sayar da duk abin da ba ya cikin sitonsu na Kentucky, duk da cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na cinikinsu ta wannan hanya yake shigowa. Sun ji jiki, amma a 2009 Amazon ta saye su a kan kuɗin da ya haura dala biliyan ɗaya.

Sai zamani na uku, wanda yawancin matasa suka sani daga bidiyon masu cika baki. Abubuwa ne suka haɗu a jere. Shopify, wanda Tobias Lütke ya fitar a Ottawa a 2006 bayan ya sha wahalar gina wa kansa kantin kayan wasan ƙanƙara, ya sa buɗe kanti ya koma aikin yini guda. AliExpress ya zo a 2010, ya ba kowa damar sayen abu ƙwaya ɗaya daga 'yan kasuwar Sin. A 2015 wasu matasa a Lithuania suka ƙirƙiro manhajar Oberlo, wadda ke kwaso hoto da bayanin kaya daga AliExpress ta zuba a kantinka da danna maɓalli. Shopify ya saye ta a 2017. Facebook kuma a lokacin yana nan da talla mai araha wadda ke iya zaƙulo maka, alal misali, masu kiwon kyanwa ko masu ciwon baya.

Abin da masu koyar da sana'ar ba su cika faɗa ba shi ne, duk ribar nan a kan tsarin gwamnatoci take tsaye. Ƙungiyar gidajen waya ta duniya tana da ƙa'idar da ke sauƙaƙa wa ƙasashe masu tasowa kuɗin isar da saƙo, kuma a lokacin Sin tana cikin wannan rukuni. Gidan wayar Amurka kuma ya ƙulla yarjejeniyar ePacket da na Sin, don ƙananan ƙunshi da ba su wuce kilo biyu ba. Har ta kai a wancan lokacin aika ƙaramin ƙunshi daga Shenzhen ta Sin zuwa New York yakan fi araha a kan aika shi tsakanin jihohin Amurka biyu. Sannan a 2016 Amurka ta ɗaga ƙimar kayan da ke shiga ba kuɗin kwastan daga dala 200 zuwa 800. To, mutum ya sayi abin dala uku, ya sa masa dala ashirin da biyar, ya kashe goma a talla, saura nasa. Mai saye ya zauna jiran mako uku ko biyar, wani lokaci abin ya zo bai yi kama da hoton ba, ya nemi mai kanti ya tarar an rufe shafin an buɗe wani. Wannan ɓangaren yana ba ni takaici, domin ya ɓata sunan masu yi da gaskiya, kuma ƙaramin fanni ya daina nufin abin da ka ƙware a kai, ya koma abin da ke tashe a wannan makon.

Da tsanin aro aka hau, masu shi kuma suka zo karɓar abinsu ɗaya bayan ɗaya. A 2018 Amurka ta yi barazanar ficewa daga ƙungiyar gidajen waya, a 2019 aka zauna a Geneva aka ba ta damar yanka nata farashin daga Yulin 2020. Tarayyar Turai ta soke yafe harajin ciniki ga kayan da ba su kai yuro 22 ba a Yulin 2021. A shekarar ce Apple ta ba masu iPhone damar hana manhajoji bibiyarsu, talla a Facebook ta yi tsada kuma ta rage sa'a. Oberlo ta rufe a 2022. A shekarar ce kuma Temu ya bayyana, yana kai wa mai saye kayan masana'antun Sin ɗin nan kai tsaye a farashin da ɗan tsakiya ba zai iya karawa da shi ba. A 2025 kuma Amurka ta soke rangwamen dala 800, da farko ga kayan Sin da Hong Kong a watan Mayu, sannan ga kowa a ƙarshen Agusta.

Sana'ar ba ta mutu ba, ta dai koma kusa da inda ta faro. Masu ci da ita yanzu galibi suna hulɗa da masu ƙera kaya a cikin ƙasar da suke sayarwa, suna riƙe kaya masu tsada da wuyar ajiya, ko kuma suna buga nasu zanen a riga sai an yi oda. Wayfair kanta ta gina manyan situna don ta riƙa sanin ranar da kaya zai isa.

A wajenmu abin ba baƙo ba ne. Matar da ke ɗora hotunan atamfa da leshi a WhatsApp, a turo mata kuɗi, ta kira yaron shago a Kantin Kwari ya kai tasha a ba direba, wannan sana'ar take yi, kuma dillanci ya daɗe a kasuwanninmu kafin a san waya. Malamai ma sun daɗe suna tattauna hukuncin sayar da abin da ba ya hannunka, shi ya sa masu kiyayewa ke neman su zama wakilan mai kaya a fili, ko su bi sharuɗɗan cinikin salam, inda ake fayyace siffar kaya da lokacin kawowa. Tambayar da suke yi ita ce wadda ta sa Zappos ta gina sito: in kaya ya ɓace a hanya ko ya zo da aibi, wa zai ɗauki asarar? Mai atamfar ta fi wanda ke turo kaya daga Sin bai taɓa ganinsu ba damar amsa ta, domin za ta iya shiga Kwari ta taɓa yadin, ta duba ko yana zuba, kafin ta sa a naɗe.