'Yar Tsana: Daga Karan Dawa Zuwa Roba

Maƙalarmu ta wannan mako a kan 'yar tsana take.

Kafin roba ta cika kasuwanninmu, yarinya da hannunta take haɗa 'yar tsanarta, da karan dawa ko ƙashi ko yumɓu. Ta roƙo ƙyallaye wajen tela ta ɗaura mata zane, ta goya ta. Gwangwanin tumatir ne tukunya, a tuƙa tuwon ƙasa, a yi miyar ganye.

Babban darasin yana cikin bikin 'yar tsana. A sa rana, a gayyaci ƙawaye, wata ta zama uwar amarya, wata uwar ango. A kai lefe, a yi jere, a rangaɗa guɗa, daga baya a yi suna. Wadda ta kawo miki gudummawa, ranar nata bikin dole ki rama, in kin ƙi a daina wasa da ke. A nan yarinya ke fara sanin zumunci, tun ba ta kai shekara 10 ba. Ni kaina na ga ƙanwata tana ƙin faɗin sunan 'yar tsanarta, wai 'yar fari ce. Babu wanda ya zaunar da ita ya koya mata alkunya, a wajen innarmu ta gani.

A 1959 kamfanin Mattel na Amurka ya fito da Barbie, samfurin da ya bazu a duniya: farar fata, dogon gashi. Tun kafin nan, a shekarun 1940, masana Kenneth da Mamie Clark sun gwada yara baƙar fata na Amurka da 'yan tsana fari da baƙi, akasarinsu suka zaɓi farar. Irin wannan damuwa ce ta sa Taofick Okoya ya fara Queens of Africa a Legas a 2007, har da Bahaushiya mai suna Azeezah.

To, ina ruwan marubuci? Sau nawa muke buɗe labari da jaruma 'yar shekara 18, kamar daga sama ta faɗo? Mai rowa da mai kyauta, mai son mulki da mai haƙuri, duk a dandalin wasa suke fara bayyana.

Aikinmu na wannan mako: kowa ya je wurin kakarsa ko gwaggonsa, ya tambaye ta da me ta haɗa tata, wa ta aurar wa ita. Ku rubuto shafi guda, da kalmominta yadda ta faɗe su. Allah ya ƙara basira.