Samudawan Borno: Su Wane Ne Sau?

Tsohon Maiduguri ya ci sunansa in an gwada shi da Yerwa, wadda Shehu Abubakar Garbai ya tare a cikinta a 1907, domin ƙauyen yana nan tun Turawa ba su kafa bariki kusa da shi ba. Amma in aka gwada shi da ƙasar da yake zaune a kai, yaro ne ɗanye. Kafin Barebari su gangaro daga Kanem akwai masu wuri, su ne ake kira Sau.

A bakin tsofaffi, Sau Samudawa ne. Wai maharbinsu kan kashe giwa ya saɓo ta a kafaɗa har gida. Wai in ɗayansu ya ƙwala kira a wannan gari, sai a amsa masa a wancan. Manyan randunan da manomi kan ci karo da su a kufai kuwa, wai moɗar shan ruwansu ce. Amma labarin lalle ya fi daɗin ji. An ce Sau sun ga hannuwan baƙin sun yi ja wur, suka ce su ma a yi musu. Barebari suka ce ai wannan mai sauƙi ne. Suka shafa musu lalle, suka ɗaure hannuwan tam da ɗanyar fata, suka ce kada a kwance sai ya kama. Da fata ta bushe ta ƙame, sai aka far musu. Ka ji yadda aka ci ƙasa da ƙunshi.

A rubuce dai abin bai zo da sauƙi haka ba. Diwan, wato jerin sarakunan Sefawa na Kanem da Borno da Bajamushen nan Heinrich Barth ya samo a Kukawa a farkon shekarun 1850, ya nuna cewa a ƙarni na 14 sarakuna huɗu, duk 'ya'yan Mai Abdullahi, a hannun Sau suka mutu, ɗaya bayan ɗaya. Sai a zamanin Mai Idris Alauma aka karya lagonsu. Limaminsa, Ahmad Ibn Furtu, ya rubuta labarin yaƙe-yaƙen a 1576, kuma babu lalle a ciki. Abin da ke ciki shi ne kafa sansani a bakin garuruwan Sau Gafata da Sau Tatala, da sare itatuwan da suke fakewa a ciki, da lalata musu gonaki da damina har yunwa ta gama abin da mashi ya fara. A Alau aka binne wannan Mai, nan bayan garin Maiduguri, inda madatsar ruwan da ta ɓalle a Satumbar 2024 take.

Mayar da masu wuri ƙatti ba a kan Borno aka fara ba. Wajen 1136 wani malamin coci, Geoffrey na Monmouth, ya rubuta tarihin sarakunan Birtaniya, ya ce tsibirin ba kowa a cikinsa sai 'yan Samudawa, har Brutus ya taso daga zuriyar Troy ya gama da su.  Mutanen Birtaniya suka jingina asalinsu da Troy, Sefawa suka jingina nasu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, mu Hausawa kuma muka ɗauko Bayajidda daga Bagadaza muka biyo da shi ta Borno. A ganina dabarar ɗaya ce: kakan mai mulki ya fito daga nesa, wanda aka tarar kuma a kumbura shi har ya fita daga sahun mutane, don kada a tambayi yadda aka yi da shi.

Da aka tona ƙasa, mutane aka samu. Faransawa biyu, Marcel Griaule da Jean-Paul Lebeuf, sun fara haƙar kufan Sau a Chadi da arewacin Kamaru tun shekarun 1930. Suka tarar da yawa daga cikin randunan nan makara ce: a naɗe mamaci a zaunar da shi a ciki, a kifa wata randar a kai. Sun kuma tono ƙananan gumakan yumɓu, na mutane da na dabbobi, waɗanda ake kyautata zaton na bautar kakanni ne.

A ɓangarenmu na Najeriya kuwa, Graham Connah ya haƙa tudun Daima da ke yankin Ngala a 1965 da 1966. Tudun ya kai kimanin mita 10, kuma ba Allah-ya-yi ba ne: gida ne bisa kufan gida, tun ƙarnoni kafin haihuwar Annabi Isa har wajen ƙarni na 12. A can ƙasa kayan aikin ƙashi da dutse ne. Da aka hauro sai ga ƙarfe, sama kuma ga dawa da ta ƙone, ga duwatsun wuya, ga adon tagulla a jikin mamata. Ƙasusuwan nasu tsawon namu ne. A cikin tarkacen har da 'yan shanun laka, irin waɗanda yara ke ginawa a bakin tafki. Kotoko, waɗanda ke zaune a bakin kogin Logone da Shari har gobe, sun ce su ne jikokin masu wannan aiki.