Gundumar Bilma

Bilma gunduma ce a jihar Agadez, arewa maso gabashin Nijar, cikin hamadar Tenere. Ƙidayar 2012 ta nuna tana da mutum 17,935, galibinsu Barebari da Tubawa, kuma an raba ta zuwa ƙananan hukumomi huɗu: Bilma, wadda ita ce hedikwata, da Dirku da Fashi da Jado. Dirku ce ke ɗauke da fiye da rabin jama'ar, Jado kuwa ba ta kai mutum 1,000 ba.

Ana iya cewa ɓarnar kuɗi ce a kafa majalisa da magajin gari saboda mutanen da ba su kai na unguwa ɗaya a Damagaram ba. Sai dai a nan nisa ne ya raba ƙasar. Jama'a na zaune inda ruwa yake, a gindin duwatsun Kawar da wasu 'yan dausayoyi, suna noman dabino, suna zuba gishiri kantu-kantu, wanda ayarin raƙuman Buzaye ke kaiwa kasuwannin kudu. Tsakanin Fashi da Bilma tafiyar kwanaki ce bisa raƙumi cikin rairayi, don haka bai dace a ce sai mutumin Fashi ya ƙetare hamada zuwa Bilma kafin ya yi wa ɗansa takardar haihuwa ba.