Daga Duba-Gari Zuwa Digiri Na Biyu

Duk shekara, idan sababbin ɗaliban digiri na biyu a fannin kiwon lafiyar al'umma suka zauna a gabana ranar farko, nakan tambaye su wane ne ya fara wannan aiki a garinsu. Yawancinsu likita suke ambata. Sai in ce su koma gida su tambayi kakanninsu labarin duba-gari, mutumin nan mai kaki da ke buɗe randa yana neman tsutsar sauro, ya leƙa masai, ya bi kwata, ya tsaya a mahauta kafin a fitar da nama kasuwa. Makarantar koyon tsafta ta Kano, wadda aka buɗe a 1932, ita ta horar da da yawa daga cikinsu. Ba su da digiri, amma sun san kowane lungu na unguwa, kuma wannan sanin shi ne tushen sana'armu.

Karatun mai zurfi kuwa daga waje ya zo. A Ingila an kafa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi a Libaful a 1898, sannan ta Landan a 1899, kuma babban abin da ya dami waɗanda suka kafa su shi ne yadda zazzaɓi ke kashe jami'an mulkin mallaka da 'yan kasuwarsu. A Amurka, Gidauniyar Rockefeller ta ba da kuɗin kafa makarantar Johns Hopkins a 1916, bisa rahoton da William Welch da Wickliffe Rose suka rubuta a 1915. Mutanen biyu sun sha bamban: Welch ya fi son cibiyar bincike, Rose ya fi son a horar da ma'aikatan da za su shiga cikin jama'a. Wannan ja-in-ja har yau muna yin ta a tarurrukan tsara manhaja.

A Najeriya Jami'ar Ibadan ce ta fara nuna hanya. A 1963 ta buɗe shirin Ibarapa a garin Igbo-Ora, inda ɗaliban likitanci ke tarewa makonni suna bin gidaje, suna duba rijiyoyi, suna auna yara. A wannan jami'a Farfesa Adetokunbo Lucas ya koyar, wanda daga baya ya shugabanci shirin binciken cututtukan ƙasashe masu zafi na Hukumar Lafiya ta Duniya daga 1976 zuwa 1986. A 1975 kuma aka kafa cibiyar ilimantar da jama'a kan lafiya a Ibadan, ta buɗe ƙofar digiri na biyu ga waɗanda ba likitoci ba.

A Arewa, Zariya ce uwa. Jami'ar Ahmadu Bello ta soma koyar da likitanci a 1967, kuma duk wanda ya bi ta sashen lafiyar al'umma ya san sunan marigayi Farfesa Umaru Shehu, ɗan Barno da ya aza harsashin sashen. A shekarun 1970 ƙauyukan Malumfashi suka zama wurin nazarin cututtukan da suka zauna daram a karkara. A lokaci guda, daga 1969 zuwa 1976, aka yi aikin Garki, yankin da yanzu ke jihar Jigawa: aka fesa maganin sauro a ɗakuna, aka raba wa ƙauyuka magani gaba ɗaya, aka yi ta ɗibar jini ana dubawa. Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai, amma bai yanke ba, kuma da aka tsaya ya dawo. Masu aikin suka rubuta sakamakon yadda yake, kuma har yau masana a faɗin duniya suna amfani da alkaluman Garki. Ina koya wa ɗalibaina wannan labari ne don su ga darajar faɗin gaskiya ko da ba ita aka so ji ba.

Bayan taron Alma-Ata na 1978, da zamanin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, kiwon lafiya a matakin farko ya koma hannun ƙananan hukumomi, sai buƙatar ƙwararru ta ƙaru. Annoba ma ta koya mana darussa masu ɗaci. Sanƙarau na 1996 ya kashe fiye da mutum 10,000. Tsayar da rigakafin shan inna a Kano a 2003 ya nuna mana cewa allura ba ta shiga gida sai mai gida ya yarda, kuma yardar nan ta hannun malami da mai unguwa da ungozoma take biyowa.

Babban sauyi ya zo a 2008, lokacin da aka kafa shirin horar da masu bin diddigin annoba a fili, da haɗin gwiwar jami'o'in Zariya da Ibadan. Shekara biyu ake yi, ɗan lokaci a aji, mafi yawa a bakin aiki, likitan mutane da likitan dabbobi da ma'aikacin ɗakin gwaji a teburi ɗaya. Ba a daɗe ba aka ga amfaninsa. A 2010, da yara suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, ɗaliban shirin suna cikin waɗanda suka bi gida-gida a Dareta da 'Yargalma, inda aka tabbatar gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Kimanin yara 400 aka rasa. A 2014 kuma suna cikin masu bin sawun duk wanda ya taɓa mai cutar Ebola a Legas da Fatakwal, aka tsayar da ita a kan mutum 20. Da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji a ranar 25 ga Agusta 2020, da guminsu a ciki.

Yanzu jami'o'i da dama suna ba da wannan digiri, wasu ma a ƙarshen mako, kuma ina murna da haka, musamman ganin yawan matan da ke shigowa, domin su ne ke iya shiga har ƙuryar ɗaki su zauna da mai jego. Damuwata ɗaya ce: ɗalibi ya gama ya ƙware a kwamfuta, alhali bai taɓa kwana a ƙauyen da ya rubuta kundinsa a kai ba. Shi ya sa kafin in sa hannu a kan kundin kowa nake tambayar sa sunan dagacin garin, da inda matan garin ke ɗibar ruwa. Duba-gari zai amsa wannan ba tare da ya duba takarda ba, kuma wanda ya gaje shi ya kamata ya iya.